Rubutun jikin askirim ɗin mazurari: nazarin kalmomi a kan abin da ke ciki da abin da yake bari (misalin Koira Kano, Yamai)

Taƙaitawa

Wannan maƙala ta ɗauki rubutun da ke jikin askirim ɗin kanti a matsayin matani. Za ta bi shi layi-layi domin a ga abin da yake faɗa game da gina jiki, da ƙare-ƙaren masana'anta, da muhalli, a kuma ga inda Hausa take da kalmar maimaita shi da inda ba a tsayar da kalmar ba tukuna.

1. Gabatarwa

Koira Kano unguwa ce a arewa maso yammacin Yamai, cikin da'ira ta ɗaya ta birnin. Sunan na Zabarmanci ne, ma'anarsa «gari mai daɗi», ba shi da wata alaƙa da birnin Kano, ko da yake kunnen Bahaushe yakan ji hakan. Unguwar manyan ma'aikata ce da ƴan kasuwa da ofisoshin ƙungiyoyin waje. Saboda haka tana cikin wuraren da aka fi samun kantuna masu firigon daskarewa, da gidaje masu gurup na ba da kuran idan na NIGELEC ya ɗauke. Inda waɗannan biyu suka haɗu, can ake sayar da abin da za mu nazarta: askirim ɗin da aka ɗura a cikin gasasshen ƙullin fulawa mai siffar mazurari, aka naɗe shi da takarda, aka shigo da shi daskararre daga waje. Da Faransanci ana ce masa «cône» ko «cornet». Mu za mu riƙa cewa askirim ɗin mazurari.

Mai karatu zai iya tambaya me ya haɗa masanin harshe da wannan. Amsar tana cikin Kundin Sake Gina Ƙasa (Charte de la Refondation) da aka sa wa hannu ranar 26 ga Maris 2025, wanda ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Kafin nan dokar 31 ga Disamba 2001 ta lissafa Hausa cikin harsunan ƙasa guda 10, kuma tun Oktoba 1999 aka tsayar da ƙa'idar rubutunta a Nijar. Matsayi a takarda abu ne guda. Iya faɗin abin da ke cikin abincin da yaro ke riƙe da shi wani abu ne dabam. Ƙa'idar Codex Alimentarius ta 1985 a kan rubutun jikin abinci ta tanadi cewa idan harshen da aka yi rubutun da shi bai dace da mai saye ba, ana iya liƙa wata takarda da harshen da ake buƙata. To, in an ce mu rubuta wannan takardar yau, da waɗanne kalmomi?

2. Sunan abin

A bakin masu magana ana jin aƙalla sunaye huɗu:

(1) a. galas (daga Faransanci «glace»)
b. kirem (daga Faransanci «crème»)
c. askirim (daga Ingilishi, ta hanyar Najeriya)
d. ƙanƙara

Saƙa wasali a (1a) da (1b) ba ya buƙatar dogon bayani, tun da Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu kamar gl ko kr. Abin lura yana wajen ma'ana. Ga mai jin Hausa waɗannan sunaye huɗu suna iya nuna abu guda, amma a Faransancin masana'anta «glace» da «crème glacée» ba ɗaya ba ne. Kundin ƙa'idojin da masu wannan sana'a ke aiki da shi a Faransa ya ce ba a kiran abu «crème glacée» sai maiƙonsa na madara ne zalla, kuma ya kai kashi 5 cikin 100 na nauyinsa. «Glace» kawai tana iya ɗaukar man itace. «Sorbet» kuwa ruwa ne da sukari da ƴaƴan itace, ba a ƙara masa mai. Yawancin askirim ɗin mazurari na manyan masana'antu «glace» aka rubuta a jikinsu, cikin ƙananan baƙaƙe a bayan kwali, alhali hoton gaba yana nuna farin abu mai kama da afarari.

Nan ne tarkon fassara na farko. Mai fassara da ke ƙin kalmar aro yakan ce «ƙanƙarar madara» ko «daskararriyar madara». Jimlar Hausa ce mai kyau, amma ta yi wa masana'anta alkawarin da ita kanta ba ta yi ba. A ganinmu gara kalmar aro, wadda ba ta ce komai game da abin da ke ciki ba, da ƙirƙirarriyar kalma da ta faɗi ƙarya.

3. Jerin kayan haɗi

Doka ta wajabta a jera kayan haɗi bisa nauyi, daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. Misali na (2) ba na wani kamfani guda ba ne. Mun harhaɗa shi daga abin da aka saba gani a jikin irin wannan kaya:

(2) lait écrémé réhydraté, sucre, huile de coprah, farine de blé, sirop de glucose, lactose et protéines de lait, cacao maigre en poudre, noisettes, émulsifiants (E471, E322, E476), stabilisants (E410, E412, E407), arôme, sel, colorant (E160a), poudre à lever (E500)

3.1. Madara da mai

A fannin madara Hausa ta fi Faransancin yau da kullum wadatar kalmomi. Tana bambanta madara da nono, da kindirmo wanda ba a taɓa maiƙonsa ba, da tsala wanda aka kaɗe aka kwashe masa mai, da afarari, da man shanu, da cuku. Duk matar da ke sayen nono ta san farashin kindirmo ba ɗaya yake da na tsala ba, ta kuma san dalili. Saboda haka «lait écrémé réhydraté» ba ya da wuyar faɗa: garin madarar da aka kwashe wa mai, aka sake jiƙa shi da ruwa. Man da aka kwashe an sayar da shi dabam, domin ya fi tsada, sai aka maye gurbinsa da «huile de coprah», wato man busasshiyar kwakwar Attagara, wani lokaci kuma da man ja da aka tace.

Wannan musanya ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma. Ita ce ake yi a garin madarar da aka haɗa da man ja, wanda Turai ke turowa cikin buhuna, wanda kuma ƙungiyoyin makiyaya suka tashi yi wa gangami a 2018 da taken «Mon lait est local». Masana'antun madara na Yamai, kamar Solani da Niger-Lait, da cibiyoyin tattara madara na Hamdallaye da Kollo, duk cikin wannan kasuwar suke aiki. Ta fuskar lafiya kuwa, man kwakwa ya fi man shanu yawan nau'in maiƙon da Faransanci ke kira «acides gras saturés»: kusan kashi 90 cikin 100 a man kwakwa, wajen kashi 65 a man shanu, wajen rabi a man ja. Kalmar «végétal» takan sa mai karatu ya zaci abu mara nauyi ga jiki, kuma fassararta «man tsirrai» tana ɗauke da wannan zato. Gara a faɗi sunan man.

Akwai mai na biyu da ido ba ya gani. Cikin mazurarin an shafe shi da siririn haɗin koko da mai da sukari. Aikinsa hana danshin askirim jiƙa gasasshen ƙullin. Wannan dabara ta kamfanin Spica na birnin Napoli ce, a 1959, ita ce ta haifi Cornetto, ita ce kuma ta sa abin da a da ake ɗurawa nan take a ci nan take ya zama kayan da ke yin watanni a firigo ya ƙetare teku.

3.2. Sukari da iska

A (2) sukari ya fito sau uku da sunaye uku: «sucre», «sirop de glucose», «lactose». A wasu kwalaye akan ƙara «dextrose» ko «sirop de glucose-fructose». Akwai dalilin sana'a, domin kowane nau'i yana da yadda yake tausasa ƙanƙara. Amma akwai kuma sakamako a kan mai karatu: da an tara su wuri guda da sun hau sama a jerin. Hausa da take da kalma guda, sukari, a nan ƙarancinta ya zama ƙarfi, muddin mai fassara ya maimaita kalmar a gaban kowane nau'i.

Mazurari guda na mililita 120 nauyinsa yakan kama giram 70 zuwa 75. Bambancin iska ce. Ana buga askirim ana dasa masa iska lokacin daskarewa, abin da ake kira «foisonnement», har takan kai rabin girman farin ɓangaren. Gaban kwali yana ba da girma da mililita, jadawalin gina jiki kuma yana lissafi bisa giram 100, sai mai saye ya rasa yadda zai haɗa biyun. In an yi lissafin, mazurari guda yakan ba da kalori 220 zuwa 250, da sukari wajen giram 20, da maiƙo mai daskarewa giram 8 zuwa 10, da furotin wajen giram 3.

Sai an gwada waɗannan lambobi da wani abu kafin su yi magana. Giram 20 na sukari ƙwaya uku ne zuwa huɗu na sukarin kwali da ake jefa wa shayi, ko da yake wani ɓangare nasa sukarin madara ne na asali. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, in so samu ne ma kashi 5. Ga yaron da ke buƙatar kalori 1.600 a yini, wannan giram 40 ke nan, ko giram 20. Maiƙon kuma ya kusa rabin abin da aka ƙayyade wa babba a yini. Furotin giram 3 ɗin nan, giram 100 na madarar saniya yana ba da shi da kalori wajen 65 kacal.

Ba muna cewa sukari da mai guba ba ne. Plumpy'Nut, wanda kamfanin STA ya fara yi a nan Yamai a 2005 domin yara masu tamowa, tunkuzar gyaɗa mai mai ce da garin madara da sukari da man itace, kalori 500 a leda ta giram 92, kuma ya ceci rayuka. Kusan kayan haɗi iri ɗaya ne, sai dai wancan an ƙara masa bitamin da ma'adinai, an kuma yi shi domin jikin da ya rasa. Yaron Koira Kano ba wannan ne halinsa ba. A ƙasar da kusan rabin yara ƴan ƙasa da shekara 5 ba su kai tsawon shekarunsu ba, maganar yawan sukari takan yi kama da shagwaɓa, amma ciwon sukari da hawan jini suna nan a birane, kuma a irin waɗannan unguwanni suke fara bayyana.

3.3. Lambobin E

Harafin E na Turai ne. Tsarin ya faro da kayan launi a 1962, Codex kuma ya ari lambobin ba tare da harafin ba. Ɗari na farko launi ne, na biyu masu hana lalacewa, na uku masu hana tsami da makamantansu, na huɗu masu kauri da masu haɗa mai da ruwa, na biyar ya ƙunshi gishiri-gishiri irin su kanwa. A (2) babu ko ɗaya daga ɗari na biyu, kuma haka abin yake a kusan dukan askirim, domin sanyi ne ke tsare shi. Kwalin da ya rubuta «sans conservateur» yana alfahari ne da rashin abin da dama ba a sawa.

E471 an samo shi daga mai, aikinsa ya sa maiƙo ya riƙe ƙwayoyin iska. Ana iya yinsa da man itace ko da kitsen dabba, kuma lambar ba ta faɗin wanne ne. Wannan ya shafi mai saye Musulmi, kamar yadda E120, jan launin da ake samu daga wani ƙwaro, yake shafarsa a askirim mai launin ja. E322 yawanci daga waken suya yake. E476 daga man zurma ake yinsa, yana sa haɗin koko ya yi ruwa-ruwa ya shafu da siriri. E410 garin ƙwallon wani itace ne na bakin Bahar Rum, dangin tsamiya da ɗorawa. E412 garin wani wake ne da aka fi nomawa a Indiya. E407 daga jar ciyawar teku yake, ta Indunusiya da Filifin. Ukun nan na ƙarshe suna kama ruwa, su hana ƙanƙara yin manyan ƙwayoyi, su jinkirta narkewa.

Me aka sani game da illarsu? Hukumar kula da abinci ta Turai ta sake duba E471 a 2017 ba ta ga abin damuwa ba. A 2018 ta sa wa E407 iyakar wucin gadi ta miligiram 75 a kowane kilo na nauyin jiki a yini. A ɗaya ɓangaren, wani gwaji da aka buga a mujallar Nature a 2015 ya nuna E466 da E433 suna dagula ƙwayoyin halittar hanjin ɓeraye. Binciken NutriNet-Santé na Faransa, a kan mutane fiye da dubu 90, ya samu a 2023 cewa masu yawan cin E471 da danginsa sun fi kamuwa da ciwon zuciya da jijiyoyin jini, a 2024 kuma ya samu irin wannan alaƙa tsakanin E471 da E407 da wasu nau'o'in ciwon daji. Kalmar ita ce alaƙa, «association». Masu binciken ba su ce sababi ba. A rediyo kuwa irin wannan labari yakan fito da «yana haddasa» ko «yana janyo», sai a tsallake daga «an fi samun ciwon ga masu yawan ci» zuwa hukunci. Wannan kuskuren fi'ili ne, kuma ya kamata a koya wa ɗaliban fassara shi da sunansa.

Jerin ba ya tsaye wuri guda. E171, farin launin da aka daɗe ana sawa a kayan zaƙi, Faransa ta dakatar da shi daga Janairu 2020, Tarayyar Turai ta hana shi a 2022. A damanar 2021 aka janye askirim iri-iri daga kasuwannin Turai, saboda an samu E410 da ya gurɓata da «oxyde d'éthylène», wani iskar kashe ƙwayoyin cuta da aka haramta a abinci a can. Sanarwar janye kaya da Faransanci take fita, a intanet, bisa lambar rukunin kaya, «numéro de lot», wadda aka buga da ɗige-ɗige a gefen kwali. Mai kantin da ya fasa kwali yana sayar da ɗaya-ɗaya ya riga ya jefar da ita.

4. Kalmomin da ake da su da waɗanda ake nema

Tunanin ƙara wa abinci wani ɗan abu domin ya canza halinsa tsoho ne a madafin Hausa. Kanwa tana tausasa wake, tana tsayar da yauƙin kuɓewa da karkashi. E500 da ke sa mazurari ya tashi ya yi ƙaras-ƙaras, gishirin da ke cikin kanwa ne aka tace. Masu sayar da nono suna sa garin ƴaƴan kuka domin kauri, kuma mai saye yana da hukuncinsa a kan haka. Karan dafi launi ne. Ƙaron dakwara da ake tsinta a yankin Gure da Diffa shi ne E414 na lemon kwalba da alewa. Abin da ya bambanta askirim shi ne yawan ƙare-ƙaren a wuri guda, da kuma cewa mai ci bai ga hannun da ya sa su ba.

Duk da haka kalmar da ta mamaye fagen ita ce sinadari. A tsofaffin ƙamusoshi, kamar na Bargery na 1934, ma'anarta tana wajen maƙera, abin liƙa ƙarfe. Yau rediyo yana kiran furotin sinadari, bitamin sinadari, maganin ƙwari sinadari, «additif» ma sinadari. Jimlar «yana ɗauke da sinadarai» tana iya zama yabo, tana iya zama gargaɗi. Kalmar da ta haɗa abin gina jiki da guba ba za ta yi aiki a takardar abinci ba. Mun fi son ƙari, jam'i ƙare-ƙare, domin «additif», ko da yake ƙari yana da wasu ma'anoni. Muhallin magana yana raba su.

Ga sauran, hanyar da ta fi jan hankalin masu ƙirƙira ita ce ƙirar sunan kayan aiki, ma-…-i, kamar mabuɗi da mazurari. Amma tana cin karo da kalmomin da suka riga suka zauna:

(3) a. émulsifiant: mahaɗi? (mahaɗi shi ne abin da ake cin abinci da shi, kamar miya ga shinkafa)
b. stabilisant: matsayi? (ya riga ya zama muƙami ko inda abu yake)
c. colorant: marini? (mai sana'ar rini ne, mutum)

Saboda haka ƙirar «mai» da sunan aiki ta fi aminci, ko da ta fi tsawo: mai haɗa mai da ruwa, mai riƙe kauri, mai ba da launi, mai sa tashi. A (3a) ma akwai ɗan cikas, tun da «mai» biyu sun jeru, kuma rubutunmu ba ya nuna karin sauti. «Mai gama maiƙo da ruwa» ya warware shi.

«Arôme» ta fi su wuya. Hausa tana raba ƙamshi da ɗanɗano, Faransancin takarda ya haɗa su. Sannan dokar Turai ta 2008 ta bambanta «arôme naturel de vanille», wanda aƙalla kashi 95 cikin 100 nasa daga itacen banila yake, da «arôme» kawai, wanda yawanci haɗin masana'anta ne. Fassara ta gaskiya sai ta ce «ƙamshin banila na asali» ga na farko, «ƙamshin haɗi» ga na biyu.

5. Sanyi da shara

A ƙasan kwali akwai jimloli biyu:

(4) a. À conserver à –18 °C.
b. Ne jamais recongeler un produit décongelé.

An rubuta su ne domin ƙasar da kuran ba ya ɗaukewa. Kayan da ya zo ta ruwa, daga tashar Kwatano zuwa Yamai ya fi kilomita 1.000, bayan rufe iyakar Benin a 2023 manyan motoci suka koma bin Lome da Burkina Faso, hanya mai tsawo, cikin ayari da rakiyar soja. A Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40, wato tazarar kusan digiri 60 tsakanin cikin firigo da bakin titi. A Agusta 2023 Najeriya ta yanke kuran da Nijar ke saye gare ta, wanda a lokacin ya kai wajen kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba a mayar da shi ba sai bayan ɗage takunkumin CEDEAO a Fabrairu 2024. Tashar hasken rana ta Gorou Banda, mai megawat 30, ta fara aiki a cikin wannan tsakani ta rage wahalar, amma firigo yana buƙatar kuran dare da rana.

Daskarewa ba ta kashe ƙwayar cuta, tana tsayar da ita ne kawai. A 2015 aka bayyana cewa mutum 3 sun mutu a jihar Kansas ta Amurka bayan kamuwa da listeriya daga askirim. Abin da ya narke ya sake daskarewa yakan nuna alama: takarda ta lanƙwashe, ƙanƙara ta fito a sama kamar gishiri, mazurari ya yi laushi. Sai dai masu riƙe kaurin da muka gani a 3.3 suna rage waɗannan alamu, domin aikinsu ke nan.

Ta fuskar muhalli, ido ya fi ganin takarda, amma lissafi ya fi nuna madara da sanyi. Wani nazari na jami'ar Manchesta a 2019 ya ƙiyasta wajen kilo 4 na iskar da ke ɗumama duniya a kowane kilo na askirim, mafi yawansa daga kayan haɗi, musamman madara. Wannan lissafin Ingila ne. Bai ƙunshi jirgin ruwa mai firigo da gurup mai shan gazuwal ba. Kokon kuwa yawancinsa na Kodibuwa ne da Gana, waɗanda ke ba da fiye da rabin na duniya, inda nomansa ya ci daji mai yawa. Ya fita daga Abijan ko Tema, a sarrafa shi a Turai, ya dawo Afirka ta Yamma daskararre.

Takardar naɗin kanta gami ce ta takarda da siririn alminiyom da aka manne, da murfin kwali ko roba. Maƙeran kasuwar Katako suna narka gwangwanin alminiyom su zuba tukwane, amma wannan ba shi da amfani gare su. Doka mai lamba 2014-63 ta 5 ga Nuwamba 2014 ta hana ledoji marasa kauri, ba irin wannan gami ta nufa ba. In aka gwada da ledar piya wata da ta cika magudanan ruwa da kwarin Gounti Yéna, sharar askirim ƙarama ce ƙwarai, kuma bai dace a kambama ta ba. Abin da ya shafi masanin harshe shi ne alamar da ke jikinta: ɗan mutum mai kibau uku, «Triman», da hoton kwandon shara mai launin ɗorawa, da umurnin a rarraba. Wannan nuni ne zuwa ga abin da babu shi a inda ake karatun. Fassara shi kalma da kalma zai ba da Hausa daidai wadda ba ta nufin komai a Yamai.

6. Wa zai karanta?

Za a iya cewa mazauna Koira Kano suna karanta Faransanci, waɗanda ba sa karanta shi kuma ba sa karanta Hausa, tun da manyan da suka iya karatun boko a Nijar ba su kai kashi 40 cikin 100 ba. Za a iya ƙarawa cewa Zabarmanci yana da haƙƙi daidai da Hausa a titunan Yamai. Duka biyun gaskiya ne, kuma aikin da muka yi a nan yana jiran takwaransa na Zabarmanci. Amma wanda ke zuwa kanti sau da yawa yaro ne, ko ƴar aiki, ko direba. Wanda ke yanke shawarar sake kunna firigo bayan awa shida babu kuran kuwa yaron kanti ne. Kalmar da aka tsayar ba a takarda kaɗai take aiki ba: ita ce ɗan jarida zai faɗa a rediyo, ita ce ma'aikacin hukumar ƙa'idoji ta ANMC ko na ɗakin bincike na LANSPEX zai yi bayani da ita a kasuwa.

Jimlolin (4) su ne suka fi gaggawa, kuma su ma suna da nasu ƙulli. Faransanci ya yi amfani da fi'ili maras mai aikatawa, bai nuna wa yake yi wa magana ba. Hausa dole ta zaɓa tsakanin ka, ki, ku da a. «Ka» ya ware mata, «ku» ya yi kama da talla, sai «a», wanda shi ne muryar sanarwa. Lamba mai alamar ragi a gabanta kuma ba ta da karatu a Hausar yau da kullum, sai an ce «ƙasa da sifiri», wanda shi ma bai isa ga wanda firigonsa ba shi da ma'aunin sanyi ba. Shi ya sa muka ƙara alamar da hannu ke iya ji a (5a), muka kuma juya (5b) ya fara da sharaɗi, yadda Hausa ta saba gina gargaɗi:

(5) a. A ajiye a firigon daskarewa, digiri 18 ƙasa da sifiri. Ya kasance da tauri kamar dutse.
b. In ya narke, ko sau ɗaya, kada a sake daskarar da shi, kada a sayar.

«Kada a sayar» babu shi a matanin Faransanci. Mun ƙara shi ne domin a nan mai karatu na farko shi ne mai kanti.